Kawu Mai Ƙanƙara

Na Allah ne mu duka, kuma kowa da ranar da za a kira shi. Ranar Kawu ta zo wata Laraba a tsakiyar lokacin zafi, bayan la'asar, yana zaune a kujerarsa a gidansa na Old Trafford, shayinsa bai ko huce ba. Yayan mahaifiyata ne. Shi da matarsa, wadda muke kira Inna, Allah bai ba su haihuwa ba, ni suka riƙe tun zuwana karatu Manchester har na yi aure na koma Birmingham. Don haka in na ce uba na rasa, ban ƙara gishiri ba.

A rana ta biyu ta zaman makoki falon ya cika da mutanenmu, likitoci da injiniyoyi da matansu, ana addu'a ana shafawa, ana komawa hirar cunkoson hanya. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina buɗewa na ga tsofaffin Turawa su shida, kowanne cikin wata ƙatuwar riga baƙa mai ratsin rawaya da lamba a baya, ta sauko masa har cinya.

"Su waye?" in ji wata ƙawar Inna daga bayana. "Ko 'yan council ne?"

"'Yan council da rigar ball, Hajiya?" wata ta ce mata.

Ba wanda ya ce su cire takalma, da kansu suka cire suka jera a bakin ƙofa. Suka shiga suka zauna a ƙasa yadda suka tarar da maza, gwiwoyi na ƙara. Babbansu, wani ƙato mai karkataccen hanci da na'urar ji a kunne, ya fuskanci ɗakin da Inna take ciki ya ce da Hausa, kalma ɗaya-ɗaya, "Allah ya ji ƙansa." Daga baya na ji cewa tun daga garinsu yake maimaita ta a mota don kada ta kuɓuce masa.

Shi ne tsohon mai tsaron gida na ƙungiyar hokin ƙanƙara, wasan da ake buga da sanduna ana zamewa, ta garin da Kawu yake aiki. Tsohon Gola muke ce masa a gida. Sauran biyar ɗin abokan wasansa ne na da, kuma dukkansu a ramin kwal suka ci ƙarfinsu.

Wani dattijon likita ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali, "Wai dama full time yake yin abin nan? Wallahi ni na ɗauka hobby ne." Shekara da shekaru suna salla sahu ɗaya da Kawu. Ban ga laifinsa sosai ba, don mu ma na gida Mai Ƙanƙara muke ce wa Kawu, kuma da dariya muke faɗa.

Da za su tafi, Tsohon Gola ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu. Ya ce ya san ba ranar wannan magana ba ce, amma ko Kawu ya bar wani littafi, ko 'yar takarda, inda ya rubuta yadda yake shimfiɗa ƙanƙarar? Duk shekara a lokacin zafi ake narkar da ta filin wasansu a yi sabuwa. An riga an narkar, Kawu ya rasu saura mako biyu ya fara. Hukumar garin kuwa ta daɗe tana neman hanyar rufe wurin. Ta gaya musu in ba a samu ƙanƙara mai lafiya kafin buɗe kakar wasa ba, za a sa kwaɗo a ƙofa, a rushe, a gina gidaje. Na ce zan duba. Na san ba abin da zan samu, don Kawu ko jerin cefane ba ya rubutawa.

Garin nasu yana yamma da Manchester, tafiyar rabin sa'a in hanya ta yi kyau. Tun daga nesa za ka hango abin da kwal ya bari. Akwai wata doguwar hasumiyar ƙarfe mai tayoyi biyu a ka, waɗanda a da suke saukar da mutane cikin rami, yanzu tsatsa ta cinye su tantabaru sun gaje. Ga guntun bututun hayaƙi, ga tudun ɓaraguzan da aka tono, ciyawa ta rufe shi har mutane na yawo da karnuka a kai. A gindin hasumiyar wani dogon gini ne na jan bulo, inda a da ake gyaran injinan ramin. Masu haƙar ne da kansu suka mayar da shi filin ƙanƙara, su fito daga aiki baƙi ƙirin su ɗauki shebur su kwaɓa siminti. An rufe ramin, shaguna suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. A duk layin nan filin ne kaɗai ya rage da fitila.

Gyaran injinan sanyi Kawu ya zo ƙasar nan ya karanta. Aka tura shi garin ya duba injin filin, aikin kwana biyu. Ya ce yana sauka daga bas ya ga hasumiyar nan, sai ya ji kamar an mayar da shi Bukuru. A barikin kuza aka haife su shi da mahaifiyata, babansu lebura ne. Sun tashi suna wasa a jikin mataccen injin haƙa da kamfani ya tafi ya bari, a bakin tafkunan da ba a san zurfinsu ba. "Ni na san irin garin nan," yakan ce. "An cinye cikinsa an tafi." Daga kwana biyun nan bai sake neman wani aiki ba.

Kusan shekara arba'in yana kan ƙanƙara, amma bai taɓa sa takalmin zamewa ba. Ya ce Allah ya ba shi ƙafa ne don tafiya. Da dogon takalmin roba yake shiga, hular saƙi a ƙasa, ta ulu a samanta. Ranar wasa yakan tsaya a kusurwa ɗaya ya zura wa ƙasa ido, mutane na ihu ana karo da juna ana buga katakon da ya kewaye filin, shi ko a jikinsa. In ya dawo na tambaye shi wa ya ci, sai ya ce, "Ban duba ba." Dardumarsa tana ɗakin inji, kuma duk garin sun san lokutan da ba a ƙwanƙwasa masa.

Wannan ɗakin injin shi ne wuri mafi ɗumi a ginin. Shekarar da aka rufe ramin, maza suka wayi gari ba inda za su je, ga shi jiki ya saba fita da sassafe. Kawu sai ya riƙa buɗe ɗakin da wuri, ya ɗora shayi, ya ƙirƙiro musu aiki. Wannan ya riƙe masa tsani, wancan ya ɗaure ƙusar da dama a ɗaure take. Tsohon Gola ya ce mini akwai bencin da suka yi wa fenti sau huɗu cikin shekara guda, kuma duk sun san abin da yake yi, ba wanda ya tona. "Ba don ɗakin nan ba," ya ce, "da wasunmu…" Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, Kawu yana da taurin kai. Komai na filin zai bar ka ka taɓa, ban da tiyon ruwa. In makon shimfiɗa ƙanƙara ya zo, yakan kori kowa ya kulle ƙofa. Inna ta sha yi masa magana.

"Alhaji, ka yi training ɗin wani mana. Kai ba za ka tsufa ba ne?"

"Sai sun koyi haƙuri tukuna."

Ba wanda ya taɓa cin wannan jarrabawar.

Faɗanmu ɗaya ne da shi, kuma ni na jawo. A walimar aurena a unguwar Sparkhill ta Birmingham, dangin mijina sun zo, manyan masu digiri, kowa da abin da ake sa masa gaban suna. Na kawo su wurin Kawu na ce, "Ga kawuna, consultant engineer ne a ɓangaren refrigeration."

Ya ajiye cokali. "A'a," ya ce, yadda teburi uku za su ji. "Ƙanƙara nake yi. Ta wasa. Mutane su zame a kai su koma gida da ƙafafunsu."

Aka yi dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Da muka keɓe na ce masa, "Kawu, ka kunyata ni."

Ya ce, "Ke kika fara."

Wata biyar ba mu yi magana ba, sai gaisuwa ta bakin Inna. Taurin kan nan ba a ƙasa na tsince shi ba.

Wata Juma'a wayata ta yi ƙara, Kawu ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. "Gobe ki zo. Ki sa socks biyu." Ya kashe.

Na je. Ya buɗe ƙofa, ya kulle a bayanmu. Filin babu ƙanƙara, sai dandamalin siminti mai sanyi. Ya ciro lemon zaƙi daga aljihu ya ajiye a tsakiya. Lemon ya ɗan tsaya, sannan ya fara gangarawa da kansa, a hankali, har ya je ya tsaya a kusurwar da ke wajen hasumiya.

"Kin gani? Ƙarƙashin nan duk ramuka ne. Ƙasa tana zama, kowace shekara kaɗan. In kika malala ruwa da yawa, can zai gudu ya taru. Sama ta daskare, ƙasa ruwa da iska. A ido lafiya lau, sai mutum ya taka."

Saboda haka daga kwarin yake farawa. Ruwan da ɗan ɗumi, yana fesa shi kamar yayyafi, yana tafiya da baya. Ya fesa, ya tsaya, ya jira. Aikina in ɗauke tiyon a kafaɗa in bi shi, kada ya kwanta a kan sabuwar ƙanƙara ya yi mata zane. In na ƙosa na matsa, sai ya ce, "Ki bari ta sha." Bayan kowane 'yan zagaye yakan ɗauko wani guntun rodi ya durƙusa ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai, ya matsa gaba ya sake. Na tambaye shi me yake yi. Ya ce, "Haka babanmu yake yi wa bangon rami kafin ya shiga." Bai ƙara ko kalma ba, ni kuma sanyi ya hana ni naci. Da yamma muka biya unguwar Rusholme ya saya mini gasasshen nama. Maganar walima ba ta sake tasowa ba har ya koma ga Allah. Shekara goma sha takwas ke nan, kuma wannan yinin shi ne duk ilimina na ƙanƙara.

Na birkice gidan Old Trafford, na duba aljihunan riguna, na duba cikin littattafan addu'a. Babu komai. Ƙungiyar ta ɗauko wani kamfani, suka zo da babban inji suka gama cikin kwana uku, ta fito tas kamar gilashi. Ranar atisayen farko takalmin wata 'yar wasa ya burma ta wajen hasumiya, ta gurɗe a idon sahu. Aka sake narkarwa. Saura mako uku a buɗe kakar wasa.

Ina shagon magani inda nake aiki a Stratford Road Tsohon Gola ya kira ya gaya mini. Muryarsa ta riga ta sare. Ban san lokacin da na ce masa ba, "Na taɓa riƙe masa tiyo sau ɗaya."

Ya ce, "Sau ɗayanki ya fi namu."

Mijina ya dube ni da na ce zan ɗauki hutu. "Ke pharmacist ce fa. Me kika sani a ice?"

"Ban san komai ba. Amma ni kaɗai ya bari na gani."

"In kuma it doesn't work?"

"Sai a rushe ina tsaye a wurin."

A hanya na yi fushi da Kawu, fushi na gaske, ina tuƙi ina yi masa faɗa a fili. Mutum ya riƙe abu shekara arba'in a kansa shi kaɗai, ya tafi da shi kabari, ya bar tsofaffi shida da mai sayar da magani! Na yi istigfari, na sake yin fushin.

Mai kamfanin ya yarda ya kula mana da injin. Na ajiye lemo a tsakiyar filin, tsofaffin na kallona kamar na zautu. Ya gangara, amma bai je kusurwar da na sani ba, ya tsaya taku goma kafin nan, a gefen katako. Ƙasa ta ƙara zama tun ranar da na gani. Daga nan na fara. Ina fesawa ina tafiya da baya, su shida sun jera da tiyo a kafaɗa, mai ciwon baya da mai ciwon ƙugu. In ɗaya ya yi gunaguni a kan jira, sai in ji bakina ya ce da Hausa, "Ku bari ta sha." Ba sai na fassara ba.

A rana ta uku ƙanƙara ta yi kauri, lokacin rodi ya yi. Na samo shi a bayan ƙofar ɗakin inji. Na durƙusa na ƙwanƙwasa. Na matsa na sake. Na sake. Duk ƙara ɗaya nake ji. Ta kamfanin ma ai kyakkyawa ce a ido, kuma ba ni da wata hanyar sanin ko tawa ta fi ta. Na zauna daɓas a kan ƙanƙarar na fashe da kuka, kukan da ban yi irinsa ba ko ranar jana'iza.

Tsohon Gola ya tako a hankali. Ya ce su duk zatonsu rodin nan na buɗe magudana ne, me nake yi da shi? Na ce ban sani ba, Kawu dai ya ce haka babansu yake yi wa bangon rami kafin ya shiga.

Ya tsaya cak. "Sake faɗa."

Na sake.

Ya zare na'urar kunnensa ya jefa a aljihu. Ya cire safar hannu, ya durƙusa da ƙyar, ya shimfiɗa tafinsa a kan ƙanƙarar, ya karɓi rodin da ɗaya hannun. Ya ce a rami haka suke yi wa rufi kowace safiya, hannu ɗaya a jikin dutse, ɗaya ya buga. In dutsen lafiya yake, amsarsa a dunƙule take. In ya rabu da na samansa, sai ya yi kamar ganga, kuma ko kurma zai ji a tafinsa. Wanda bai iya wannan ba ba ya daɗewa a ƙasa.

Ya buga, ya ja jiki, ya buga, ya ja jiki. Can wajen gefen katako ya tsaya, ya buga sau biyu. "Nan."

Muka fasa. Iska ce da ruwa a ƙarƙashi, faɗin faranti.

Tsohon ya zauna a kan dugadugansa yana dariya hawaye na zuba. "Shekara arba'in," ya ce. "Abin da muka iya tun muna samari mutumin nan yake yi, ya kulle mana ƙofa!"

Sauran biyar ɗin ba su jira umarni ba. Wannan ya ɗauko guduma, wancan sifana, suka bazu a kan filin a kan gwiwoyinsu, kowa tafinsa a ƙasa. Ginin ya cika da ƙwanƙwasa. Wuri uku suka samo, muka fasa muka cike da yayyafi. Daga ranar, ni da tiyo, su da hannu, bayan kowane zagaye biyar.

A nan ne na saɓa wa Kawu, kuma ban yi nadama ba. Na sa aka buɗe ƙofa aka tokare ta da bulo. Na ce duk ɗan ƙungiyar da ke so ya zo ya gani. Wadda ta gurɗe ta zo da sandar dogarawa ta zauna tana ɗaukar komai a waya, wasu mata biyu daga ƙungiyarsu suka karɓi tiyon suna koyo. Tsohon Gola ya kama hannun kowa ya ɗora a ƙanƙara har sai ya ji bambancin. Ni ma a rana ta biyar na ji, wata 'yar rawa ce a tsakiyar tafi. Na rubuta komai, har wurin da lemo ya tsaya bana, don a gwada da na baɗi. Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa alherin da ya yi wa mutanen garin nan ya tarbe shi.

Jami'in hukuma ya zo wata Litinin da hantsi, da na'urar huda da ma'auni. Ya huda nan ya huda can, ya fi daɗewa ta wajen hasumiya. Mu bakwai muna jingine da katako. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce ta yi, za a buɗe kakar bana. Ta baɗi kuma, in ji shi, sai an sake dubawa. Shekara ɗaya suka ba mu. To, baɗi ma zan ɗauki hutu, da shekarar da ke bayanta, kuma yanzu ba ni kaɗai na iya ba.

Na fita wajen mota na kira Inna, tana cikin takaba ba ta iya zuwa. Tana amsa sallama ta ce, "Ta kama?"

Tambayar da na sha ji tana yi wa Kawu ke nan daga kicin duk shekara, tun kafin ya cire takalmi.

"Ta kama, Inna."



"Alhamdulillahi," ta ce. "To ki biyo ki ci abinci kafin ki kama hanyar Birmingham. Tuwo na tuƙa. Na mutum biyu ne, ban ankara ba sai da na kwashe."